Shin Ƙagaggen Labari Ƙarya Ne? Amsa Ga Marubuciyar Da Aka Ce Ta Ajiye Alƙalami

Assalamu alaikum Hajiya. Ni budurwa ce mai shekara 23, ina zaune a Zariya, kuma na daɗe ina rubuta labarai ina sakawa a zaurukan WhatsApp. Yayana, wanda yake karatun addini, ya ga wani labarina, ya ce duk abin da nake yi ƙarya ce tsagwaronta, ya karanto mini hadisin da ke cewa azaba ta tabbata ga mai shirga ƙarya don ya ba mutane dariya. Ya kai maganar gaban Baba, Baba ya ce in dakata. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, labarina na ƙarshe na gina shi a kan mutuwar auren ƙanwar mahaifiyata. Na canza sunaye, na ƙara abubuwa daga kaina, na rubuta a samansa cewa labarin gaskiya ne. Ta gane kanta, yanzu ko wayata ba ta ɗauka. Ni kuwa a zuciyata ina jin abin da nake rubutawa ya fi wa'azi da yawa gaskiya, har na fara tunanin ko gaskiya ba wani abu ba ce illa abin da kowa ya ji a ransa. Ƙawata ta ce in canza suna in ci gaba a ɓoye. Ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, 'yata. Abin da ya fi tayar miki da hankali a wasiƙarki, wato ko ƙagaggen labari ƙarya ne, shi ne mafi sauƙin warwarewa a cikin abubuwan da kika kawo. Wanda kika ambata a gurguje kamar mai son a wuce wurin, batun innarki, shi ne mai nauyin. Ni ba mai ba da fatawa ba ce, amma zan gaya miki abin da na sani da kuma yadda nake ganin lamarin.

Ƙarya ita ce mutum ya ba da labarin wani abu saɓanin yadda yake, yana nufin mai sauraro ya ɗauka haka abin yake. Idan mai faɗi da mai ji duk sun san cewa abin da ake faɗa shiryawa aka yi, to babu wanda aka yaudara, kuma kakanninmu sun gane wannan tun kafin a kawo mana injin buga littafi. Tsohuwa ba ta fara tatsuniya sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa mata da ta zo mu ji ta, in ta gama kuma ta rufe da ƙurunƙus, ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Wannan yarjejeniya ce a fili tsakaninta da jikokinta, kuma babu yaron da ya taɓa tashi da safe ya tafi neman gidan Ƙoƙi. Shi kansa yayanki, in ya yi nahawu, ya sha karanta cewa Zaidu ya bugi Amru. Shekaru ɗaruruwa ke nan Zaidu yana bugun Amru a bakin malamai masu tsoron Allah, babu wanda ya ce sun yi wa Zaidu ƙazafi, domin kowa ya san misali ne.

Akwai abin da ya fi wannan kusa da sana'arki. A zaurukan karatu na Kano da Zariya da Sakkwato, ɗalibin da ya yi nisa a lugga yakan karanta Muƙamomin Hariri, malamin nan na Basra da ya rasu a shekarar 1122. Muƙama hamsin ce, kuma dukkansu labaran wani tsoho ne mai suna Abu Zaid, mai zaƙin baki da wayo, wanda yake yawo gari gari yana canza kama yana karɓe kuɗin mutane da fasahar harshe. Hariri ya san za a zarge shi da ƙarya, shi ya sa tun a gabatarwar littafin ya kare kansa, ya kamanta aikinsa da labaran da ake ɗorawa a bakin dabbobi, ya kuma tunatar da cewa ayyuka da niyya ake auna su. Kafin shi, a ƙarni na 8, Ibnul Muƙaffa ya mayar da Kalila wa Dimna zuwa Larabci, inda dila da zaki da sa suke magana kamar fadawa. Daga baya Ibn Hajar al-Haitami, babban malamin mazhabar Shafi'iyya na ƙarni na 16, ya bayyana cewa ya halatta a saurari labarin da aka tabbatar bai faru ba, muddin abin da ake nufi da shi buga misali ne da wa'aztarwa da koyar da halaye irin su jarumtaka, ko a bakin mutane aka ɗora shi ko a bakin dabbobi.

Duk da haka kada ki ɗauka yayanki daga kansa ya ƙirƙiro damuwarsa. Hadisin da ya karanto miki yana cikin littafin Abu Dawuda da na Tirmizi, kuma akwai malaman da har yau ba sa son ƙagaggen labari kwata-kwata, suna ganin ƙofa ce da in an buɗe ta ba a san inda za ta tsaya ba. A ƙasar Hausa ma takaddamar tsohuwa ce. A 1933, lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, wahalar farko da aka sha ita ce shawo kan masu ilimi su yarda cewa wannan aiki ne da ya dace da mai mutunci, domin a wurinsu rubutu na addini ne da tarihi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce. Waɗanda suka amsa kiran ba 'yan tasha ba ne: akwai Abubakar Imam, da yayansa Malam Bello Kagara wanda daga baya ya zama Walin Katsina, da Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda ya zama Firayim Ministan Najeriya. Bayan shekara saba'in da ɗoriya, a 2007, sai da aka tara littattafan Hausa aka ƙona a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. To amma ki lura da abin da ake kuka da shi a mafi yawan lokuta. Ba ƙagowar ba ce, abin da aka ƙago ne. Kuma ke da ni mun san cewa a cikin abin da ke yawo a waɗannan zauruka naku akwai batsa zalla da ake sayarwa ga 'yan mata ƙanana a yi mata laƙabi da adabi. Yayan da ya ga ƙanwarsa a wannan kasuwa ya ji tsoro, ban ga laifinsa ba, ko da kuwa hujjar da ya kawo ba ta faɗa daidai inda ya nufa ba.

Na ce ba ta faɗa inda ya nufa ba, ban ce ba ta same ki ba. Ta same ki a layi ɗaya tak, layin da kika rubuta a saman labarin cewa labarin gaskiya ne. Da wannan layin kika warware yarjejeniyar da na ambata, domin kin ce wa masu karatu su gaskata abin da ke kanki kin san rabinsa daga kanki ya fito. Na san dalilin da ya sa marubuta ke yin haka: labarin da aka ce ya faru ya fi jan jama'a, sharhi ya fi yawa, ana turawa daga zaure zuwa zaure, wata ta ce Allah ya isa, wata ta ce wallahi kamar ta san matar nan. Wannan na ƙarshen shi ne bala'in. Canza suna ba ya ɓoye mutum idan an bar unguwarsa da yawan 'ya'yansa da sana'ar kishiya da kalmar da mijin ya faɗa ranar da ya miƙa takarda. Wanda ya san gidan zai gane, kuma da zarar ya gane, duk abin da kika ƙara don labari ya yi armashi zai ɗauke shi a matsayin abin da ya faru a ɗakin innarki.

Akwai hadisi a cikin Sahihu Muslim da ya yi daidai da wannan hali kamar don shi aka faɗe shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana giba da cewa ita ce ka ambaci ɗan'uwanka da abin da yake ƙi. Aka ce masa, to in abin da aka faɗa yana tare da shi fa? Ya ce in yana tare da shi ka yi gibarsa, in ba ya tare da shi kuwa ka yi masa ƙage. Ki auna labarinki da wannan ma'auni. Ɓangaren da ya faru da gaske tona asiri ne, ɓangaren da kika ƙara kuma ƙage ne, kuma ba innarki kaɗai ke da haƙƙi a kanki ba. Tsohon mijinta yana da shi, kishiyar da kika mayar muguwa tana da shi, haka 'ya'yan da wata rana wani zai turo musu labarin uwarsu a waya. Abin mamakin shi ne, da kin ƙago komai daga farko zuwa ƙarshe, da babu wanda zai bi ki bashi. Gaskiyar da ke cikin labarin ce ta yi ɓarnar da ta fi yawa, don ba taki ba ce balle ki raba wa duniya.

Ɗaukar darasi daga rayuwar mutane ba laifi ba ne, babu marubucin da yake rubutu daga iska. Abin da ake ɗauka shi ne ciwon da yanayinsa, a kai shi wani gari, a ba shi wasu mutane da wani dalili, har ita mai abin in ta karanta ta ce wannan ya yi kama da abin da na ji, ba ta ce wannan ni ce ba.

Sai batun addini, inda ma'aunin gaskiya ya sha bamban da na adabi, kuma ina so ki riƙe bambancin da kyau. Alƙur'ani cike yake da ƙissoshi, amma ayar ƙarshe ta Suratu Yusuf ta faɗa a sarari cewa shi ba labari ne da ake ƙirƙira ba. A nan ba a tambayar ko magana ta yi daɗi ko ta sa mutane kuka, ana tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma shi ɗin amintacce ne ko a'a. A kan wannan ne malaman hadisi irin su Bukhari suka ƙarar da rayuwarsu suna tafiya daga Khurasan zuwa Iraƙi da Hijaz da Masar. Cikin waɗanda suka fi ba su wahala akwai masu ƙirƙirar hadisi da kyakkyawar niyya. Littattafan ilimin hadisi sun kawo labarin Nuhu ɗan Abu Maryam, wanda aka tambaye shi inda ya samo hadisan falalar surori ɗaya bayan ɗaya, ya ce ya ga mutane sun bar Alƙur'ani sun shagala da fiƙihu da labaran yaƙoƙi, shi ne ya ƙirƙiro su don neman lada. Malamai ba su karɓi wannan uzuri ba, domin Annabi ya ce wanda ya yi masa ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta. Irin wannan ce takardar nan da ake kira wasiyyar Shehu Ahmad, wai mai hidima a masallacin Annabi a Madina, wadda ta daɗe tana yawo a takarda kafin ta koma waya, tana yi wa wanda ya yaɗa ta alkawarin arziki, wanda ya ƙi kuma tana yi masa barazanar musiba. Manyan malamai sun sha bayyana cewa ƙarya ce, amma har gobe za ki ga an turo ta, sau da yawa ma daga hannun mutanen da suke ƙyamar littattafan soyayya don wai ƙarya ne.

Abin da wannan ke nufi gare ki a aikace shi ne, kina da 'yancin ƙago mutum da gari da hatsarin mota, amma ba ki da 'yancin ƙago aya ko hadisi ko hukunci ki sa a bakin wani malami na cikin labarinki, ko ki shirya mafarkin da aka ga Annabi yana ba da umarni. Mai karatu ya san Hajiya Laraba ta cikin labari ba ta wanzu ba, amma in ta ce Annabi ya ce, zai ɗauka Annabi ya ce ɗin, ya kuma faɗa wa wani. Na ga labarai da dama da aka yanke hukuncin saki uku ko idda ko gado a cikinsu bisa kuskure, kuma akwai matan da daga nan suke ɗaukar fiƙihunsu.

Yanzu ga maganar da na fi daɗewa ina juyawa a wasiƙarki, cewa abin da kike rubutawa ya fi wa'azi gaskiya. Na fahimci abin da kike nufi, kuma ba zan ce miki saɓo kika yi ba. Mai wa'azi zai iya faɗin hukuncin saki daidai ba tare da kuskure ba, amma ba zai nuna miki matar da take ɗaure kwanukanta a zani bayan sallar isha'i ba, tana lallaɓa yaron da ke goye kada ya farka, tana tunanin abin da za ta ce wa mahaifinta in ya buɗe ƙofa. Labari ne ke iya nuna wannan, kuma gaskiya ce ta haƙiƙa game da yadda mutane suke rayuwa. Sai dai ita ma wannan gaskiyar tana da ma'auninta, kuma da shi nake so ki riƙa tuhumar kanki. Labarin da kowace kishiya a cikinsa mayya ce, kowace uwar miji tana hanyar gidan boka, kowane saurayi ɗan hamshaƙin attajiri ne, kowace jaruma fara ce mai dogon gashi da ba ta taɓa yin kuskure ba, wannan labari ya yi wa rayuwa ƙarya ko da an rubuta ƙagagge ne a samansa da manyan baƙaƙe. Yarinyar da ta tashi da irinsa takan shiga gidan miji da ma'aunin da babu namijin da zai cika shi. A ganina wannan ce ƙaryar da ta kamata marubutanmu su fi jin tsoro, kuma ita ce ba a cika yi musu faɗa a kanta ba.

Amma daga cewa labari yana nuna abin da wa'azi ya tsallake zuwa cewa gaskiya ita ce abin da kowa ya ji a ransa, akwai rata mai faɗi, kuma wasiƙarki da kanta ta ƙaryata wannan tunani. Kin rubuta labarin innarki ne don kin yi imani an zalunce ta. To shi tsohon mijin nata ma yana da abin da yake ji a ransa, kuma ina kyautata zaton a wurinsa shi ne aka cuta. Idan gaskiya ji ne kawai, ba ki da abin da za ki ce masa, nasa jin daidai yake da naki. Kina iya cewa an yi zalunci ne kawai saboda akwai wani ma'auni a wajenku ku biyun wanda ba ya canzawa da abin da ɗayanku yake so. Abin da zuciyarki take ji shaida ce, kuma shaida mai daraja wadda bai kamata a toshe mata baki ba, sai dai shaida ba ta zama alƙali a shari'ar da take ba da shaida a cikinta.

Kada kuma tambayoyin da ke taso miki su firgita ki har ki ɗauka imaninki ne ya tafi. Annabi Ibrahim ya roƙi Ubangijinsa ya nuna masa yadda yake rayar da matattu, ya ce don zuciyarsa ta natsu, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara. Ina zargin ma ba addinin kike tuhuma ba, wasu masu magana da sunansa ne, waɗanda za su yi awa guda a kan biyayyar mace ba su yi minti biyar a kan haƙƙinta ba. Wa'azin mutum ba wahayi ba ne, kuma an ruwaito daga Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi, cewa kowa ana karɓar maganarsa ana kuma mayar masa, in ban da Annabi. Ki buɗe Suratul Mujadala ki karanta ayar farko. Mace ce, Khaulatu 'yar Sa'alaba, ta zo tana jayayya da Annabi game da abin da mijinta ya yi mata bayan ta tsufa a gidansa, Allah ya ce ya ji maganarta, ya saukar da hukunci. A cikin ayoyin saki na Baƙara kuma an hana maza riƙe mata don cutarwa. Ciwon da kike rubutu a kansa ba baƙo ba ne a Littafin.

Shawarar ƙawarki kuwa ki yi watsi da ita. An zarge ki da ƙarya a inda ba ki yi ba, kada ki amsa zargin da yin ta a inda babu mai iya kare ki. Ranar da asiri ya tonu, kuma a zaurukan WhatsApp ba ya daɗewa, Baba ba zai ƙara sauraron wata hujja daga Hariri ko waninsa ba.

Ki fara da innarki kafin ki koma kan batun izinin rubutu. Ki cire labarin daga duk inda hannunki ya kai, sannan ki rubuta a zaurukan da kika saka shi cewa kin yi kuskure da kika kira shi labarin gaskiya, cewa akasarin abin da ke ciki ƙagawa kika yi, ki roƙi a daina yaɗa shi, ba tare da kin ƙara wani bayanin da zai nuna ko wace ce ba. Bayan haka ki roƙi mahaifiyarki ta raka ki gidanta, kada ki aika saƙon waya. In kin je ki durƙusa ki ce Inna na yi miki laifi, ki yafe mini, ki tsaya a nan. Kada ki ce ai don ki nuna an zalunce ta kika yi, domin ba ta ɗora ki a kan wannan aiki ba. Mai yiwuwa ba za ta sake miki fuska a zuwan farko ba, kuma tana da wannan haƙƙin.

In ƙura ta lafa, ki nemi Baba ya zaɓi malamin da shi da kansa ya amince da iliminsa, ku je tare da yayanki, ki kai labari ɗaya cikakke a buga a takarda domin malamin ya karanta abin da kike rubutawa da idonsa, ba abin da aka ce kina rubutawa ba. Ki gabatar da sharuɗɗanki tun kafin a gindaya miki: babu batsa, babu mutumin da za a iya ganewa, kuma duk aya ko hadisi ko hukuncin da zai shiga labari sai yayanki ya duba shi tukuna. Wannan na ƙarshen zai yi miki amfani ta fuska biyu, domin zai tsare ki daga kuskure, kuma mutum ba ya cika yaƙar aikin da aka sa hannunsa a ciki. Ki kuma nuna wa Baba cewa akwai fagagen da ake yin wannan sana'a a fili da suna na gaskiya, kamar gasar Hikayata ta mata zalla da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016. Idan duk da haka ya ce a ƙara dakatawa, ki tambaye shi ko ya yarda ki riƙa rubutawa a littafinki kina ajiyewa ba tare da kin fitar ba, ki bar maganar fitarwa zuwa lokacin da ya ga yadda kika ƙare da innarki.